Jawur Ko Ja-ja? Abin Da Ya Sa Launi Ɗaya Ke Fitowa Iri-iri A Ido Da Fuskar Waya

Da zarar biki ya matso ko Sallah ta ƙarato, sai sitatus ɗin WhatsApp na matasan Birnin Kudu da Gwaram ya cika da hotunan atamfa, shadda, leshi da mayafai. Mai shago ya ɗauki hoto, ko ya karɓo daga dilansa na Kantin Kwari a Kano, ya ɗora. Mai saye ta zaɓa, ta tura kuɗi, a ba direba saƙo. Sai kaya sun iso a ji ƙorafin da kowa ya saba ji: "Ba wannan kalar na zaɓa ba." Abin da ya fito jawur a waya ya zo ja-ja kamar an taɓa wanke shi. Shuɗin da aka yi niyyar haɗawa da hula ya karkata zuwa shunayya. Idan ankon ƙawaye ashirin ne, asarar ba ta mutum ɗaya ba ce, ga kuma zumunci da kan yi tsami.

Akwai masu ƙara wa hoto armashi da gangan, wannan ba a musu. Amma sau da yawa babu wanda ya yi ƙarya. Launi ba ya manne a jikin yadi kamar nauyinsa ko tsawonsa. Kafin ya isa ga mai kallo sai ya bi ta hannu huɗu: hasken da ya haska kayan, kyamarar da ta ɗauka, fuskar wayar da ta nuna, sannan ido da ƙwaƙwalwar mai kallon. Kowane hannu yana taɓa shi. Wanda ya san inda ake taɓawar, da wuya a yi masa cinikin biri a sama.

Abu uku ne a cikin kowane launi

Masana sun raba abin da ido ke kira launi gida uku. Na farko jinsinsa: ja ne, kore ne, shuɗi ne ko rawaya. Na biyu kaurinsa, wato nisan da ya yi da ruwan toka. Na uku haskensa, wato kusancinsa da fari ko da baƙi.

Kofin zoɓo ya isa misali. Idan aka yi ta ƙara masa ruwa, yana nan a jansa, sai dai ya tsinke: kauri ya ragu ke nan. Idan aka shiga da kofin lungun ɗaki inda rana ba ta kaiwa, haske ne ya ragu. Idan kuwa aka jefa masa gutsuren kanwa, sai ya bar ja ya koma wani duhu mai karkata zuwa kore. A nan jinsin ne da kansa ya sauya.

Hausa ta daɗe da sanin wannan rabo. Launin da ya kai maƙura yana da kalmar da ke yi masa rakiya: jawur, jazur, kore shar. Wanda ya yi rauni kuwa sai a ninka sunansa: ja-ja, kore-kore, shuɗi-shuɗi. Marini ya ce rini ya turu, mai wanki ta ce zani ya koɗe. Inda saɓani ya fi yawa shi ne wajen jinsi, domin sunaye da dama an aro su ne daga abubuwan da su kansu ba kala ɗaya gare su ba: ruwan goro, ruwan hoda, ruwan makuba, ruwan ɗorawa, ruwan bula, ruwan ƙasa. Ƙasar ina, ta fadama ko ta jigawa? Ko rawani ɗan Kura da kowa ke kira baƙi, idan aka ɗaga shi a rana, shuɗi ne da ya turu har ya yi duhu.

Irin wannan ruɗani na sunaye ne ya sa Albert Munsell, wani malamin zane a birnin Boston na Amurka, ya fitar da tsari a 1905 wanda ya ba kowane launi lamba ta fuskoki ukun nan. Maɓallai ukun da ake ja a sashen gyaran kala na manhajoji irin su Lightroom da CapCut suna bin irin wannan rabo ne.

Suna ma yana taimakon ido. A 2007, Jonathan Winawer da abokan aikinsa sun gwada masu jin harshen Rasha, wanda ke da kalma daban ga shuɗi mai haske da kuma shuɗi mai duhu. Sun same su sun fi saurin bambance shuɗi biyu idan sunayensu sun bambanta, duk da cewa ratar ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne tela ya ɗaga zare biyu ya ce ba ɗaya ba ne, alhali mai ɗinki yana rantsuwa cewa ɗaya ne.

Yadda ido ke auna launi

A can ƙarshen ido akwai wani siririn tantani mai ɗauke da ƙwayoyin gani iri biyu. Wasu, fiye da miliyan 90, aikin dare suke yi, kuma ba su san launi ba. Wasu, kimanin miliyan 5 zuwa 6, su ne ƙwayoyin launi, kuma sun kasu uku: masu jin hasken ɓangaren shuɗi, masu jin na ɓangaren kore, da masu jin na ɓangaren rawaya zuwa ja. Ƙwaƙwalwa tana kwatanta saƙon da kowane rukuni ya aiko, daga nan ta yanke hukuncin kalar da mutum zai gani. Thomas Young na Ingila ne ya kawo wannan tunani na rukuni uku tun 1802, tun kafin a sami na'urar da za ta tabbatar da shi.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai bai san kimar kowane launi daidai wa daida ba. Hasken da ɗan Adam ke gani yana da tsawon zango daga kimanin nanomita 380 zuwa 700, kuma nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Ido ya fi kaifi a wurare biyu: wajen 490, tsakanin shuɗi da kore, da wajen 590, tsakanin rawaya da ruwan goro. A nan bambancin nanomita ɗaya ko biyu ma yana iya bayyana. A can ƙarshen ja kuwa, ido ba ya rarrabewa sosai. Saboda haka atamfa biyu jajaye masu ɗan bambanci za su iya wucewa a matsayin anko ɗaya, amma ɗan kuskure a ruwan goro kowa zai lura da shi a wajen biki.

Haka abin yake a kauri. Matakan da ido ke iya ƙirgawa daga fari zuwa cikakkiyar rawaya ba su kai waɗanda ke tsakanin fari da cikakken shuɗi ko ja ba, shi ya sa rawaya ta fi saurin narkewa cikin fari. Sannan jinsi da kauri ba su rabu sarai ba. William Abney, wani masani ɗan Ingila, ya nuna a farkon ƙarni na 20 cewa idan aka sirka launi da farin haske, ba kaurinsa kaɗai ke raguwa ba, har jinsinsa kan ɗan gusa a ido. Shuɗin da aka sirka kan karkata zuwa shunayya. Ƙari a kan haka, duk lokacin da haske ya ƙaru, launi kan fi kauri a ido. Hoto ɗaya a waya ɗaya zai fi armashi idan aka ƙure hasken fuskar.

Idanu ma ba ɗaya ba ne

Madubin da ke cikin ido yana yin rawaya-rawaya a hankali yayin da shekaru ke ja, ya riƙa tare wani kaso na shuɗin haske. Idan kaka ta ce wa shuɗi mai duhu baƙi, ba gardama take nema ba, abin da idonta ya ba ta ke nan.

Akwai kuma waɗanda aka haifa rukuni ɗaya na ƙwayoyin launinsu babu, ko kuma yana aiki a karkace. Ana kiran wannan makantar launi, amma sunan ya yi nauyi, domin mafi yawansu suna ganin launuka, sai dai ja, kore da ruwan ƙasa kan cakuɗe musu. Gado ne da ke bin ƙwayar halitta ta X, wadda namiji ke samu daga mahaifiyarsa, shi ya sa ya fi yawa ga maza. A arewacin Turai yana shafar kusan maza 8 cikin 100 da mace 1 cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma akwai shi. Masanin kimiyya John Dalton ya bayyana nasa a gaban taron masana a 1794, likitan ido Shinobu Ishihara na Japan kuma ya fitar da shahararren gwajin nan na lambobi a cikin ɗigo-ɗigo masu kala a 1917.

Matashi na iya girma bai san yana da shi ba, sai ranar da ya je gwajin lafiya na aikin tuƙin jirgin sama, jirgin ƙasa, jirgin ruwa ko wasu sassan aikin soja. Wanda ƙaramar fitilar caja ke ruɗa shi tsakanin ja da kore, ko wayoyin lantarki masu kala ke rikita shi, ya kamata ya ga likitan ido tun da wuri, kafin ya kashe shekaru da kuɗi a kan sana'ar da za a tare shi a ƙofarta. Gwajin da ake yi a intanet manuniya ce kawai, tunda fuskar wayar da kanta tana sauya launukan gwajin. Wayoyin Android da iPhone duka suna da saitin gyaran launi a sashen Accessibility don sauƙaƙa wa irin waɗannan mutane.

Haske da maƙwabta

Ƙwaƙwalwa ba ta karɓar launi yadda ya zo. Tana fara ƙiyasta irin hasken da ke wurin, ta cire shi, sannan ta faɗi kalar abin. Shi ya sa farar riga take fara da hantsi, take fara a ƙarƙashin fitilar ƙwai. Idan ƙiyasin mutum biyu ya saɓa, ganinsu ma sai ya saɓa. Hakan ya faru a watan Fabrairun 2015, lokacin da hoton wata riga daga Birtaniya ya raba kan duniya: wasu na ganin fari da ruwan gwal, wasu na ganin shuɗi da baƙi. Rigar shuɗiya ce da baƙi. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, ƙwaƙwalwar rukunin farko ta ɗauka a inuwa aka ɗauki hoton, ta biyun kuma ta ɗauka a ƙarƙashin fitila mai rawaya-rawaya ne.

Maƙwabtaka ma tana da tasiri. A 1824 aka naɗa Michel Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a Faris. Ya tarar ana ƙorafin cewa baƙin zaren masaƙar ba ya yin baƙi yadda ya kamata. Da ya bincika sai ya ga rinin lafiyarsa lau, launukan da aka saƙa kusa da shi ne ke sauya shi a ido. Ya wallafa littafi a kan haka a 1839. Duk wanda ya shimfiɗa yadi ruwan toka a kan jan kafet ya ɗauki hoto, ya maimaita matsalar Chevreul: yadin zai yi kamar ya sha kore.

Lokaci ma yana shiga. Da magariba, jan barkono da tumatir a kan faifan mai talla su ne ke fara yin duhu, alhali ganye na nan da sauran haskensa. Jan Purkinje na ƙasar Cek ya lura da haka a jikin furanni tun farkon ƙarni na 19. Dalili shi ne ƙwayoyin dare sun fara karɓar aiki, su kuwa kusan ba sa jin ja. A lokacin hunturu kuma, ƙurar hazo tana watsa farin haske tsakanin ido da abin kallo, sai komai na nesa ya yi fari-fari, kaurinsa ya zube.

Sai babbar matsalar shaguna: ƙwan fitila. Farin ƙwan LED mai araha yawanci shuɗin haske ne da aka lulluɓe da sinadari mai ba da rawaya, kuma jan da ke cikin haskensa kaɗan ne. A ƙarƙashinsa jan yadi kan mutu. Yadi biyu da aka rina da sinadarai daban suna iya zama ɗaya sak a cikin shago, a fito rana su rabu. Tsohuwar al'adar nan ta fitowa da yadi bakin ƙofa a ɗaga shi a rana kafin a biya, kimiyya ce tsantsa.

Daga kyamara zuwa fuskar waya

Sensar kyamara ba ta ganin launi, yawan haske kawai take aunawa. Don haka ake shimfiɗa mata wata rariya ta ƙananan tagogi ja, kore da shuɗi, rabinsu kore ne. Bryce Bayer na kamfanin Kodak ne ya ƙirƙiro tsarin, aka yi masa rajista a 1976. Kowane ɗigo launi ɗaya yake karɓa, sauran biyun manhaja ce ke ƙiyasta su daga maƙwabta. Bayan haka wayar ta yi irin aikin ƙwaƙwalwa, ta yi hasashen hasken wurin don ta daidaita fari. Idan jan yadi ya cika hoton baki ɗaya, babu wani fari ko toka da za ta kafa hujja da shi, sai ta iya zaton hasken ne ja, ta rage shi. Jawur ya koma ja-ja tun hoton bai bar shagon ba.

Kamfanoni kuma kowa da ɗanɗanonsa. Sun san hoto mai kaurin kala ya fi burge mai saye, don haka wayoyi da yawa kan ƙara wa ganye kore, su ƙara wa sama shuɗi, ba tare da an tambaye su ba. Wani lokaci gyaran alheri ne. Transsion, kamfanin birnin Shenzhen na Sin mai Tecno, Infinix da itel, ya yi suna wajen saita kyamarorinsa don su fito da fuskar baƙar fata sosai. Google ma ya kawo tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021 don wannan manufa. Ko ma wane iri ne, hoton da waya ta bayar fassara ce, ba kwafi ba.

Daga nan sai turawa. Tsarin JPEG da ake matse hotuna da shi ya dogara da wani rauni na ido: ya fi lura da ƙananan bambance-bambancen haske a kan na launi. Saboda haka a matsewar da aka fi amfani da ita, ɗigo huɗu kan raba bayanin launi guda. A hoton fuska ba a cika lura ba, amma a leshi mai siraran zare ja da ruwan gwal, kalolin kan narke cikin juna. Duk lokacin da aka yi sikirinshot aka sake ɗorawa, an sake matsewa. WhatsApp ya kawo zaɓin HD a 2023, wanda ke rage asarar, amma tura hoto a matsayin Document ne ke kai shi yadda aka ɗauke shi.

Mataki na ƙarshe shi ne fuskar wayar mai karɓa. Kowane ɗigo a jikinta ƙananan fitilu uku ne, ja, kore da shuɗi. Babu fitilar rawaya: ja da kore ne ke kunnuwa tare, ƙwaƙwalwa ta ce rawaya. A tsarin da aka saba, kowace fitila tana da mataki 256, wanda ya ba da haɗi kusan miliyan 16.7. Fuska irin ta LCD tana da fitila ɗaya a baya da ke kunne koyaushe, don haka baƙinta bai cika yin ƙirin ba. A AMOLED kowane ɗigo da haskensa, yana iya mutuwa gaba ɗaya, sai sauran launuka su yi kamar sun fi turuwa.

Mafi yawan hotunan intanet an tsara su ne a kan ma'aunin sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996. Sababbin wayoyi suna iya nuna ma'aunin Display P3, wanda ya fi shi faɗi da kusan kashi 25 cikin 100, kuma Apple ya fara sa shi a wayoyinsa daga iPhone 7 a 2016. Idan waya tana kan saitin Vivid, takan miƙe launukan hoto su cika wannan faɗi, sai komai ya fi yadda yake kauri. Ga saitin kare ido da ke sa fuska rawaya-rawaya da dare, ga hasken rana da ke wanke ta da tsakar rana, ga kuma fuskar canji: wayar da ta zo da AMOLED, ta fashe aka sa mata LCD mai sauƙin kuɗi, ba za ta ƙara nuna kala kamar da ba. Akwai ma abin da babu fuskar da za ta iya riƙewa a hoto guda, kamar ƙyallin shaddar da ta sha bugu, wanda ke sauyawa duk lokacin da aka juya ta.

Inda abin ya wuce kwalliya

Jigawa tana sahun gaba a noman zoɓo da riɗi a Najeriya, kuma kala tana cikin abin da mai saye ke dubawa a dukansu: zoɓo ya yi ja mai duhu, riɗi ya yi fari tas. Dillalin da ya tsaya a kasuwar Sara ta ƙaramar hukumar Gwaram ya tura wa ubangidansa na Kano hoton samfur, ya sani cewa hasken rumfa da ɗabi'ar kyamararsa sun shiga cikin cinikin. Hoton da ya ƙara wa kaya kyau yana iya jawo a dawo da buhuna, wanda ya rage musu kuma yana iya karya farashi.

Haka manomin da ya ɗauki ganyen shinkafa ko masara ya tura wa malamin gona. Ƙarancin sinadarin naitrojin yakan fara da rawayar tsofaffin ganyen ƙasa, kuma matakin farko ɗan sauyi ne daga kore shar zuwa kore mai haske. Kyamarar da ke ƙara wa ganye kore tana iya share wannan alama. Shi ya sa Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya, IRRI, da ke Filifin ta yaɗa wani ɗan allon roba mai matakan kore, wanda ake ɗora ganye a kai a kwatanta ido da ido, a inuwar jikin mai dubawa.

Mafi nauyi shi ne lafiya. Shawara a jikin jariri rawaya ce mai rauni a fata da farin ido, irin launin da ya fi saurin ɓacewa, musamman a baƙar fata da kuma ƙarƙashin ƙwan fitila. Hoton da aka tura wa 'yar uwa ma'aikaciyar jinya ba zai iya wanke jariri daga zargi ba. A duba shi a hasken rana, idan an ga alama ko ana shakka a kai shi asibiti mafi kusa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, inda gwajin jini zai raba gardama.

Dabarun rage asara

1. A ɗauki hoton kaya a waje, a inuwa, da hantsi ko la'asar. Ban da tsakiyar rana, ban da ƙwan shago, ban da filasha.

2. A ajiye farar takarda a gefen kayan ta fito a hoton. Tana taimaka wa kyamara, kuma idan ta fito shuɗi-shuɗi ko rawaya-rawaya, mai kallo ya san hoton ya karkata.

3. A kashe duk wata tacewa, da saitin gyaran fuska, da na AI kafin a ɗauka.

4. A tura a matsayin Document, ko aƙalla HD. A guji sikirinshot ɗin sitatus.

5. Mai karɓa ya mayar da fuskar wayarsa kan Natural ko Standard, ya kashe saitin kare ido, ya duba a inuwa da matsakaicin haske. Idan da hali ya sake dubawa a wata wayar.

6. Ga shadda da leshi, a nemi gajeren bidiyo ana juya yadin.

7. Ga anko, a nemi ƙyalle a hannu kafin a tara kuɗin jama'a, kuma a saya gaba ɗaya a lokaci guda, domin ko a masana'anta ɗaya rinin yau da na wata mai zuwa kan ɗan bambanta.

8. A bayyana kala da abu uku, ba ɗaya ba: jinsinta, kaurinta, haskenta. "Ja mai karkata zuwa makuba, mai turuwa, mai ɗan duhu" ya fi "ja mai kyau" amfani.

Shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu

Akwai wurin da ƙara kaurin launi ba yaudara ba ne, aiki ne. A cikin duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, akwai tsofaffin zane-zane na shanu a jikin kogo, galibi da jan launi. Bernard Fagg, masanin kayan tarihin da ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarinsu a shekarun 1950, tare da duwatsun kiɗan da ke kusa da su, waɗanda ke amo kamar ƙararrawa idan aka buga. Shanun da aka zana ba su da tozo, saɓanin Bunaji da ke kiwo a yankin a yau, alamar cewa masu zanen wasu irin dabbobi suka sani. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana da cibiya a garin saboda waɗannan zane-zane.

Shekaru, ƙura da danshi suna rage kaurin irin wannan fenti har ya kusa zama ɗaya da dutsen da ke ƙarƙashinsa. Bambancin na nan, amma ya yi ƙanƙanta ga ido. A 2005 wani Ba'amurke mai suna Jon Harman ya fitar da manhajar DStretch, wadda ta aro dabarar da masana hukumar NASA suka ƙirƙira don hotunan da ake ɗauka daga sama. Tana kama ɗan bambancin da ke tsakanin launuka masu kama da juna, ta buɗa shi sosai, sai layin da ya ɓace ya bayyana. Masu binciken zanen dutse a nahiyoyi daban-daban suna amfani da ita, kuma akwai nau'inta na waya. Ko babu ita, jan maɓallin kaurin launi zuwa ƙarshe a manhajar gyaran hoto yakan fito da abin da ido ya tsallake.

Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a ajiye hoto biyu, na asali da wanda aka gyara, kuma a faɗi wanda aka gyara, domin kalar da ta fito a cikinsa ba ita ce a jikin dutsen ba. Matashin da ya je wurin da wayarsa ya nemi rakiyar ma'aikatan cibiyar. Kada ya watsa wa zanen ruwa don ya fito, kada ya bi shi da alli ko gawayi, kada ya shafa shi da hannu, kada ya rubuta sunansa a gefe. Duk waɗannan suna cinye fentin da ya rage, kuma wanda ya tafi babu manhajar da za ta dawo da shi.